Yadda Babban Yaya Ya Raba Makin Akmaral

Ranar da labarin ya iso ni, ina tsugune a gindin jar goɗiyarmu, bokiti a kan gwiwa. Mai takaba ba ta yawo, amma goɗiya ba ta san takaba ba. In lokacin tatsa ya yi, ko makoki ake a gidan sai an tatse ta. Sai ga maƙwabciyata Kalica ta tsallako shinge, ɗankwali a hannu, tana haki kamar wadda kyarkeci ya koro.

"Burul! Burul! Sunan 'yarki Akmaral ya fito!"

"Alhamdu lillahi. A wace makaranta?"

"A huɗu."

"Huɗu? Tsaya in wanke hannu in ba ki tukwici."

"Riƙe tukwicinki, 'yar'uwa. A duk huɗun an ja wa sunan jan layi, an soke shi."

Jama'a, bari in fara ƙorafina daga nan. A kwarinmu na Susamir, mugun labari yana da ladabinsa. Ranar da baban Akmaral ya faɗi a makiyayar kan dutse, yana cikin ɗaure ɗan doki zuciyarsa ta tsaya, ba a aiko mini yaro da gudu ba. Dattawa uku ne suka zo. Suka zauna, na zuba musu shayi, suka yi maganar ciyawar bana, suka yi maganar annabawan da suka riga mu tafiya. Kafin su kai ga sunansa, ni da kaina na riga na san abin da ya kawo su, na ajiye buta. Haka ake faɗa wa mutum an yanke masa hannu. Amma manyanmu na birni, Allah ya ƙara musu lafiya da kujeru masu laushi, jan layi kawai suka ja, ya iso ni ta wayar ɗan Kalica, ina ƙarƙashin goɗiya.

Kada ku jira in ambaci sunan wani babba. Shekara talatin ina gidan miji, ban taɓa kiran sunansa ko na yayyensa ba, don haka aka tarbiyyantar da mu. Wannan bakin ya saba. Manyan birni su kwantar da hankalinsu, laƙabi kawai zan ba su, kuma masu daɗi.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ga yadda na fahimci abin. Duk yaron da ya gama sakandare yana zama wata babbar jarrabawa, iri ɗaya ga ɗan birni da ɗan makiyayi. A ba shi maki. Wannan kam na yaba. Akmaral ta ci makin da malaminta ya biyo mu har makiyaya da ƙafa don ya yi mana albishir, babanta ya ba shi ɗan rago nan take. Mako guda ke nan kafin ya rasu. Abin da yake so ɗaya ne: ta zama likitar dabbobi. Tun shekarar da wata goɗiyarsa ta mutu wajen haihuwa, likita kuma ya iso bayan an gama jimar fatar, yake faɗin haka.

To amma maki ɗaya ne, ma'auni ne dubu. Wannan kwaleji ta ce babban makin kaɗai take so. Waccan ta ce a haɗo da na ilimin halittu. Wata ta ce makin ƙofa kawai yake buɗewa, sai an sake wata jarrabawar a ciki. In kuma makin ya gaza, akwai ƙofar gefe, inda ake ɗora shi a sikeli tare da aljihun uban yaro, sai ku ga ya yi nauyi. Mu ba mu da wannan ƙofar. Ko dai gurbin da gwamnati ke biya, ko Akmaral ta zauna ta gaji bokitina. Ga shi kuma makin nan kamar nonon goɗiya yake, ba ya shekara. In kaka ta wuce ba a sha shi ba, ya lalace, sai a sake jarrabawar daga farko. Ban san ko ilimin yaro ne ke tsami a cikin kansa ba, masana sun fi ni sani.

A gindin takardar makin akwai 'yan tikiti biyar da ake yagewa. Kowace kwaleji ta ajiye akwati a bakin ƙofa, an like shi da hatimi. Yaro ya yage tikiti ɗaya ya jefa a akwatin inda yake so. A buɗe, a jera su, mai babban maki ya shiga. Ɗaya tak a kowane zagaye. Wanda ya jefa a wuri biyu, an soke shi a duka.

Zagayen farko ya faɗo ne muna tsakiyar zaman makoki. Akmaral na gefena a ɗaki muna karɓar gaisuwa. Ta ce za ta je Bishkek, babban birninmu, ta dawo. Yayan mijina, wanda nake kira Babban Yaya, ya ce ina! Kabarin uba bai bushe ba a ga 'ya a titin birni? Shi zai je. Ya sa farar hularsa mai tsini, ya cusa takardar a ƙirji, ya tafi.

Ya kamata ku san Babban Yaya. A wurinmu in an yi rasuwa, akan yayyaga sabon yadi a raba wa duk wanda ya zo jana'iza, kowa ya koma gida da ƙyallensa. Rabon nan aikinsa ne tun ina amarya. Ba a taɓa jin wanda ya koma hannu wofi a rabon Babban Yaya ba. In yadi ya ƙare, zai iya yaga rigarsa. Shi ya raba na ƙaninsa, kwanaki kaɗan kafin wannan tafiya, bai kuma tsallake kowa ba.

Da na shigo daga wurin goɗiya na aika aka kira shi. Surukar gida ba ta ɗaga wa yayan miji murya. Amma muna da hanyarmu. Shayi kaɗan a gindin kofi girmamawa ce, ma'anarsa zauna in yi ta ƙara maka. Ranar na cika masa kofi fal har ya zubo a kan tabarma. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"Kelin," haka suke kiran matar ƙani, "me na yi?"

Akmaral ce ta amsa, idonta ja wur. "Baba, tikiti nawa ka jefa?"

"Duka mana."

"Duka biyar?"

"To in dawo da su in yi me? Gida biyar na shiga. Kowanne da akwatinsa a bakin ƙofa, baki buɗe yana kallona. In ba ɗaya in hana huɗu? Gobe ki je wancan su ce ai ku ne dangin da suka raina mu?"

"Baba, na faɗa maka ɗaya. Na likitan dabbobi. Sau uku na faɗa."

"Kin faɗa, na ji. Na ɗauka kunya ce irin ta 'ya mace. A ce mata ɗebi biyar, ta ce ɗaya ya ishe ni."

Kalica, wadda ba ta da surukuta da shi, ta fashe da dariya har da hawaye. "Dattijo, da rago ka je da shi ma da ka raba musu ƙafa-ƙafa!"

"Da na yi. Kan ragon kuma na ba shugabansu."

Na ce a raina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsauni ba zai gani ba. Wannan karon kam babban ya hango abin da babu shi.

Malamin Akmaral ya yi mana bayani ta waya. Sokewar ta zagayen farko ce kawai. Za ta iya shiga na biyu, wanda ake rufewa washegari da yamma, kuma 'yan gurabe kaɗan suka rage. Abin da ake bukata tikiti ɗaya. Mu kuwa namu duk suna cikin akwatunan mutane.

Na aika wa liman da tambaya. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana saboda lalura, amma ta kwana a ɗakinta. Zuwa da kai ya fi aike, aike kam na ga ƙarshensa. Da asuba muka shiga mota, ni da baƙin ɗankwalina, Akmaral, da Babban Yaya rungume da salkar nonon goɗiya kamar jariri. Ya ce ba a shiga wurin manya hannu rabbana. Muka bi ta ramin nan da aka huda a cikin dutse, inda hayaƙin manyan motoci ke sa mutum tuba, muka gangara birni.

A makarantar likitan dabbobi muka fara da Uwargida Magajiyar Taga. Mace ce kyakkyawa, tagarta ma kyakkyawa, sai dai an yi ta daidai tsayin da dole ka rusuna kafin ka yi magana.

Na ce, "Ranki ya daɗe, tikitinmu muke so a mayar mana."

"Abin da ya shiga akwati ba ya dawowa, Apa."

Ta kira ni uwa, na ji daɗi. Na ce, "To a ba mu sabo."

"Sabo na wanda nasa ya ɓata ne. Naku ya ɓata?"

"A'a, yana cikin akwatinku."

"To kin gani. Bai ɓata ba."

"Amma ba ya hannunmu."

"Shi ya sa ba za ku iya jefawa ba. Na gaba!"

Ku duba hikima, jama'a. Ni da na yi shekaru ina raba rigimar tumaki da awaki ban taɓa kai wa nan ba. Gaba kura, baya sayaki, kuma duka biyun suna da hatimi.

Ta tura mu hawa na sama wurin Mai Girma Wazirin Hatimi. Shi kam mutumin kirki ne. Ya tashi ya gaida Babban Yaya da hannu biyu. Da ya ga baƙin ɗankwalina ya shafa fatiha. Aka kwance salka, ya sha kwano guda, ya lumshe ido, ya ce ciyawar Susamir babu irinta a duniya, kakarsa ma 'yar can gefen ce. Ya ƙara kwano na biyu. Sannan ya goge baki ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ta Sarkin Akwati ce, Sarkin Akwati kuma yana taro a kan yadda za a sauƙaƙa wa 'yan karkara shiga makaranta. Mu dawo gobe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, goben mai takaba a ɗakin mijinta take wayewa. Yau kaɗai aka ara mini, kuma yau da yamma ake rufewa."

Ya girgiza kai, da gaske ya ji tausayina, har ya rako mu bakin matakala. Salkar ce dai ba ta rako mu ba.

Muka zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya. Babban Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa a waje ba sai ranar. Ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Abu ɗaya ƙanina ya bar mini in yi masa." Na kau da kai, don in na dube shi zan yi kuka a titin birni, Kalica kuma za ta ji labari.

Akmaral ta matso kusa da shi. Can ta ce, "Baba, biyar ka jefa."

"Na ji, 'yata. Kada ki ƙara mini."

"A'a, tsaya. Huɗu ne suka soke ni. Ina ta biyar?"

Ya shiga ƙirga da yatsu. Ta dabbobi, ta malanta, ta lauyoyi, ta masu lissafin kuɗi. Ta biyar, in ji shi, wata ce can bayan kasuwa da ake koyon gina hanya da gada. Ya tuna ta sarai, don ramukan da ke ƙofarta sun kusa karya masa ƙafa.

Muka je. Akwatinsu na nan a zaure, babba, da hatiminsa. Babban Yaya ya wuce shi ko kallo bai yi ba. Ya nufi bayan matakala, ya nuna wani ɗan koren akwati da aka kafe a bango, ƙura ta yi masa hula.

"Ga shi nan. Wancan layi ya yi yawa. Wannan kuwa na ga shi kaɗai, ba mai kula shi, na ji tausayinsa."

Rubutun jikinsa da Rashanci ne, shi kuma ranar ya bar tabarau a gida. Akmaral ta share ƙurar da hannun riga ta karanta. Sai ta zauna daɓas a kan matakala, ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, ta farko tun rasuwar babanta.

"Apa, akwatin ƙorafi ne!"

Muka nemi maigadi. Na ce, "Ɗana, yaushe ake buɗe wannan?"

"Buɗewa? Tun da na fara aiki ban gani ba."

"Makullin fa?"

"Yana wurin tsohon shugaba."

"Ina za mu same shi?"

"Allah ya ji ƙansa."

Muka shafa. Babban Yaya ya zura hannu a aljihu ya fito da wuƙarsa ta yankan nama, wadda ba ya rabuwa da ita ko masallaci. Maigadi ya dubi wuƙar, ya dubi farin gemun, ya dubi ɗankwalina. Ya ce, "Ni dai shayina na kan wuta, bari in duba kada ya ƙone." Ya tafi, kuma shayin nan ya daɗe bai dahu ba.

Abin da ya zubo daga akwatin, da za a kai gidan tarihi da an samu 'yan kallo. Takardu sun yi ruwan ƙasa. Akmaral ta karanta mana guda: ɗalibai na kuka ɗakin kwanansu ba ɗumi, ana tsananin sanyi, a taimaka. Masu wannan kukan yanzu ina jin sun yi jikoki, Allah ya sa sun samu bargo. Akwai fatar alewa, akwai gizo-gizo da ya mutu yana jiran amsa. A samansu duka, fari sol, tikitinmu.

Da gudu muka koma wurin Magajiyar Taga. Ta juya tikitin gaba da baya.

"Wannan bai shiga akwati ba?"

Ban iya ƙarya ba, balle ina takaba. Na ce, "Ya shiga, ranki ya daɗe. Amma irin wanda ba a buɗewa."

Ta yi tunani mai zurfi. "Abin da ba a buɗe ba, ba a karɓa ba. Abin da ba a karɓa ba, ba a soke shi ba. Je ki jefa, yarinya. Na gaba!"

Hikimar nan da ta sare ni da safe, ita ce ta ɗaga ni da la'asar. Akmaral ta jefa da hannunta. Babban Yaya ya tsaya nesa, hannuwansa biyu a baya, shi da kansa ya riƙe ɗaya da ɗaya. Muka iso gida ana kiran isha'i, na kwana a ɗakina.

Gurbi uku suka rage cikin waɗanda aka ware wa 'ya'yan kan dutse. Ta samu guda. Babban Yaya ne ya kawo labarin a kan doki, yana ihun albishir tun daga bakin rafi, karnukan unguwa na bin sa. Ko sauka bai yi ba ya ce, "Kelin, ban faɗa miki ba? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza! Da ban tausaya wa wancan ɗan akwatin ba fa?" Har yau haka yake ba da labarin a wurin biki, shi ne ya shigar da ita. Ban musa ba. Na ba shi tukwicin safar ulu da na saƙa wa ƙaninsa bai samu sawa ba.

Saboda haka yau ba zagi na zo yi ba, yabo na kawo. Ina miƙa godiya ga duk wani babba, na da da na yanzu, da ya wuce koren akwatin nan safe da yamma bai taɓa jin sha'awar leƙa shi ba. An ce wanzami ba ya son jarfa, to rashin son nan ne ya yi wa marainiya rana. Da mutum ne mai himma, da ya buɗe, ya ga tikiti, ya kai inda ya dace, a ja layi na biyar. Ina roƙon a ƙara masa girma, a ba shi babban ofis mai akwatuna da yawa. Sai dai in ba zai zama rashin kunya ba, a rubuta dokar tikiti ɗayan nan da manyan baƙaƙe, da harshen da tsofaffinmu ke ji. Muna da Babban Yaya a kowane ƙauye, kuma duk hannunsu a buɗe yake.

Akmaral ta tafi da kaka. Ni na yi ta faman a buɗe mata ƙofa, da aka buɗe kuma ta bi ta ciki ta bar ni da gida. Takan kira ran Juma'a. Ta ce sun fara da ƙasusuwan doki, kuma akwai wanda babanta ke kira da wani suna, littafi na kiransa da wani, ita na babanta take rubutawa a gefe.

Da na ga abin da ya zubo daga akwatin nan, sai na tuna ni ma ina da irinsa. Shekara talatin, duk yamma in na gama tatsa, baban Akmaral na zaune a kan kututture a ƙofar garke yana gyaran linzami, ni kuma ina zuba masa: tsadar gari, bakin Kalica, gwiwata, danginsa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa buɗe baki ba, in ban da "Uhm". Bai kuma taɓa gyara ko guda ba.

Kututturen na nan. Har yanzu duk yamma in na rufe garke, nakan ajiye bokiti in tsaya a gabansa in zuba na ranar. Jiya na faɗa masa an ƙara kuɗin mota, kuma yayansa ya sake ba da labarin akwati a gidan suna, wannan karon har da ƙarin shugaban makaranta ya rungume shi. Amsar da nake samu daidai take da ta manyan birni. Amma shi dai bai taɓa ce mini in dawo gobe ba. Ni ce nake dawowa.